INUWAR GIGINYA: MAIGIDA A WAJEN MAI TSIRE, IYALI A KAN ƘANZO

 

Akwai wata musiba da ta yi wa gidajen Musulmi ɗaurin goro, wadda ba a cika jin ta a bakin masu wa'azi ba, duk da cewa a fili ake aikata ta, a bakin titi, a ƙarƙashin hasken fitila. Duk wanda ya ratsa Badariya, ko Gesse, ko Tudun Wada, ko Rafin Atiku a Birnin Kebbi tsakanin sallar isha'i da ƙarfe 11 na dare ya ga alamarta da idonsa. Ga babura nan an jere, ga motoci an faka, bencin mai shayi ya cika, tukubar mai tsire tana hayaƙi, mai kifi tana ta juya tarwaɗa a cikin mai, gidajen abinci kuwa sai fitar da farfesu da sakwara ake yi. Da yawa daga cikin waɗanda ke zaune a kan bencunan nan magidanta ne, masu mata da 'ya'ya, waɗanda gidajensu ba su fi tafiyar minti 5 daga wurin ba. Kuma a cikin gidajen nan akwai inda aka kwana da tuwon jiya da miyar kuka wadda ko man gyaɗa ba ta gani ba, akwai inda ƙanzo aka jiƙa wa yara aka ce su sha su kwanta.

Wajibi ne tun farko a ware waɗanda maganar ba ta shafa ba. Direban da ya taso daga Sakkwato zai wuce Jega ko Yawuri, ɗalibin Kwalejin Fasaha ta Waziri Umaru da ya baro iyayensa a Zuru, lebura ɗan cin rani, mai jinyar da ya kawo ɗan'uwansa Asibitin Sir Yahaya daga ƙauye, da gwauron da ba shi da mai girka masa, duk waɗannan gidan abinci rahama ne a gare su. Haka nan baiwar Allah da ke tashi tun asuba tana fama da hayaƙi don ta sayar da tuwo ta riƙe marayunta, sana'arta halal ce, Allah Ya yi mata albarka. Mai shayi da mai tsire ma nemansu suke yi. Wanda ake magana a kansa shi ne magidancin da ya mayar da bakinsa gaba da bakin kowa a gidansa, yana ba da kuɗin cefanen da ya san ba za su isa ba, sa'annan ya fita ya cike wa kansa gibin a waje shi kaɗai.

A al'adar ƙasar nan ta dā, abin kunya ne a ga magidanci yana cin abinci a kasuwa. Mai tuwo-tuwo ta fatake ce da matafiya. Magidanta a zaure suke cin abinci ko a ƙofar gida, kowa a fito da akushi daga gidansa a haɗa a yi ciyayya, baƙo ya samu, almajiri ya samu. Wannan al'ada tana da wata hikima da ba kowa ya lura da ita ba: abin da aka dafa wa iyali shi maigida ke ci, kuma maƙwabta suna gani. Wanda ya matse wa gidansa, akushinsa ne zai tona masa asiri a gaban tsaransa. Wanda kuma babu ce ta kama shi, 'yan'uwa za su gane ba tare da ya buɗe baki ba, su tallafa masa.

Da aka ƙirƙiro Jihar Kebbi ranar 27 ga Agusta, 1991, Birnin Kebbi ta zama hedikwata, ma'aikata suka kwararo daga Sakkwato da sauran garuruwa, da yawansu ba tare da iyalansu ba. Unguwanni suka faɗaɗa, masu sayar da abinci suka ƙaru don biyan buƙatar baƙin, kuma buƙata ce ta gaskiya. Amma sannu a hankali abin da lalura ta halatta wa baƙo sai ya zama ɗabi'ar ɗan gari. Daga tsakiyar shekarun 1990 aka fara sarrafa taliyar Indomie a Nijeriya, teburin mai shayi ya tashi daga wurin shan ruwan zafi da burodi ya koma cikakken gidan abinci, inda ake soya wa mutum ɗaya ƙwan da zai ishi yara 4 karin kumallo. Zaure ya mutu, majalisa ta gaje shi, kuma a majalisa babu mai ganin tukunyar gidan kowa.

A ƙarshen shekarar 2000 aka ƙaddamar da Shari'a a Jihar Kebbi, bayan Zamfara ta buɗe ƙofa. Aka hana sayar da giya a fili, mashaya suka koma lunguna da wuraren da dokar jiha ba ta kai ba. Jama'a suka yi kabbara, kuma abin a yi murna ne. Sai dai mutane da dama sun ɗauka cewa da zarar babu kwalba a kan tebur, to duk abin da ke kan teburin ya halatta. Alhali babban abin da ya sa mashayi ya zama annoba ga gidansa, bayan saɓon shan giyar, shi ne yana kwashe haƙƙin iyali yana kai wa waje, yana raba dare a can, yana dawowa ya tarar da kowa ya yi barci. Wanda ya aikata waɗannan abubuwa da kofin shayi a hannu ya tsira daga zunubin giya, amma matarsa da 'ya'yansa ba su ga bambanci ba. Ragon an yanka shi da sunan Allah, gaskiya ne. To kuɗin da aka sayi balangun da su fa, na waye?

Shari'a ba ta bar wannan tambaya babu amsa ba. Aya ta 233 a Suratul Baƙara ta ɗora ci da tufatarwar uwa a kan uban ɗa, aya ta 7 a Suratuɗ Ɗalaƙ kuma ta auna ciyarwa da gwargwadon wadatar mutum. Ma'aunin ke nan: wadatarsa. Wanda yake da ƙarfin cin kifi kullum a waje ya riga ya ba da shaida a kan kansa cewa yana da ƙarfin kai kifi gida. A cikin Sunan Abi Dawud, da sahabi Mu'awiya al-Ƙushairi ya tambayi Manzon Allah (SAW) haƙƙin mace a kan mijinta, abinci aka fara ambata masa, aka kuma ɗaure cinta da cinsa. Hindu 'yar Utba ta kai ƙarar mijinta Abu Sufyan cewa yana matse hannu, aka yi mata izinin ɗibar abin da zai ishe ta da 'ya'yanta daga dukiyarsa gwargwadon al'ada, ko da bai sani ba. A mazhabar Malikiyya da kotunan ƙasar nan ke hukunci da ita, matar da aka hana ciyarwa tana da damar zuwa gaban alƙali, a ɗibar wa miji wa'adi, idan ya ƙi gyarawa a raba auren. Duk yaron da ya yi nisa a Islamiyya ya karanta wannan. Abin mamaki shi ne a garin da ke alfahari da gadon Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, wannan babi ne aka fi saurin tsallakewa.

Ga kuma halin da jihar take ciki. Kebbi ƙasar shinkafa ce da kifi. A Birnin Kebbi aka ƙaddamar da shirin ba manoma rance na Babban Bankin Nijeriya a watan Nuwamban 2015. Da shinkafar Kebbi aka yi haɗin gwiwa da Jihar Legas a 2016. Akwai manyan injinan casar shinkafa a Birnin Kebbi da Argungu. Bikin kamun kifi na Argungu, wanda ya samo asali tun 1934, duniya ta san shi, har hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun da ake tattali a 2016. Amma binciken lafiyar jama'a na ƙasa da aka yi a 2018 ya nuna cewa kashi 66 cikin 100 na yaran Kebbi 'yan ƙasa da shekara 5 sun tsumbure saboda rashin abinci mai gina jiki, adadin da ya fi na kowace jiha a Nijeriya. Wato a cikin yara 3, biyu ba su kai tsayin shekarunsu ba. A 2022 sai da ƙungiyar likitoci ta MSF ta zo ta buɗe wurin jinyar yara masu tamowa a Maiyama. Subhanallah! A gefen fadamar Rima!

Babu mai cewa teburin mai shayi ne kaɗai ya jawo wannan. Talauci na da kasonsa, haka rashin tsaftataccen ruwa, da cututtuka, da sakacin masu mulki da za su amsa tambaya a gaban Allah. Amma abin da likitoci ke cewa yaro na buƙata don ƙwaƙwalwarsa da ƙashinsa su ginu, musamman daga ɗaukar ciki zuwa cika shekara 2, shi ne ƙwai da kifi da nama da madara da wake. Waɗannan su ne ainihin abubuwan da ake jerawa a gaban uba da dare. Ƙwan da ƙato mai gemu ya haɗiye don marmari, ga jaririyarsa magani ne, ga matarsa mai shayarwa kuma jini ne.

Masu wannan ɗabi'a ba sa rasa hujja. Na farko zai ce zamani ne ya yi tsada, abin da ke hannu ba zai ishi gida ba, gara shi mai fita nema ya samu ƙarfi. Tsada kam an sha ta: bayan cire tallafin mai a watan Mayun 2023, hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin 100 a 2024. Amma a yi lissafi. A ce naira 2,000 kawai mutum ke kashewa kowane dare, a wata ya kashe 60,000, alhali mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a ƙasa a 2024 naira 70,000 ne. Ashe kuɗin akwai, hanyar gida ce ba su sani ba. Kuma a shekarar yunwa ta 18 bayan hijira, Sayyidina Umar (RA), yana Amirul Muminina, ya haramta wa kansa nama da man shanu, ya lizimci gurasa da man zaitun har launin jikinsa ya sauya, don ba zai iya ƙoshi talakawansa na jin yunwa ba. Shi al'umma guda ya ji wa kunya. Wannan kuwa mutum 6 da ke ƙarƙashin rufinsa ya kasa ji wa.

Na biyu zai ce matar ce ba ta iya girki ba. In ɓera da sata, daddawa ma da wari: akwai matan da ƙazanta da lalaci suka kori mazansu daga kwanon gida, kuma su ji tsoron Allah su gyara. Amma wace gwanar girki ce za ta fitar da farfesu daga kuka da gishiri? Mai gidan abincin da ake yabon hannunta, nama da mai da kayan ƙamshi ta zuba, da kuɗin da shi mai yabon ya kai mata. A ba ta gida rabin wannan kuɗi tukuna, sa'annan a yi hukunci.

Na uku zai ce zumunci ne, ba zai yiwu abokai su zauna ya tsame hannu ba. Wannan shi ne inuwar giginya, na nesa ka sha. A majalisa shi ne Alhaji mai kyauta, yana cewa a ƙaro na dubu, a gida kuma sai an yi masa kuka kafin ya ba da kuɗin omo. Zumuncin da aka gina a kan yunwar yara, Allah ba Ya buƙatarsa.

Sharrin bai tsaya a ciki ba. Matar da aka bar wa gida babu cefane dole ta nemi mafita, mafitar da ta fi kusa kuwa ita ce ɗora wa 'yarta talla. Sai yarinya 'yar shekara 12 ta ɗauki farantin gyaɗa ko dafaffen ƙwai ta nufi tasha da majalisun dare, inda babu irin maganar da kunnenta ba zai ji ba. Uban yana zaune a wata majalisar yana wasa da 'yar wani mai talla, bai san tasa tana gaban wasu irinsa ba. Gobe idan abin kunya ya faru, wal'iyazu billahi, shi ne zai fi kowa ɗaga murya cewa tarbiyya ta lalace. Ɗansa namiji kuma yana kallo yana koyo, domin barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Gyara ba shi da wuya ga wanda ya nufa. Wanda ransa ya biya tsire, ya sa a naɗe masa a takarda ya kai gida a ci tare, ko da yanka ɗai-ɗai ne. Ladan ciyar da iyali ya fi na sadakar da ake yi a waje. Wanda aiki ya tsare shi da rana ya ci a waje babu laifi, amma ya tabbata abin da ya bari a gida bai gaza abin da ya ci ba. Limamai su ware huɗuba a kan ciyarwa, su faɗe ta ɓaro-ɓaro kamar yadda suke faɗin hukuncin fitar mace babu hijabi. Hukumar Hisba, yadda take sintiri a otal-otal, ta buɗe ƙofa sosai ga matan da aka bari da yunwa, alƙalai kuma su daina mayar da irin wannan ƙara da kalmar a je a yi haƙuri. Iyayen mata su daina koro 'ya'yansu da wannan kalma ba tare da sun kira surukin sun tambaye shi ba. Dattawan unguwa su raya ciyayya a ƙofar gida. Abokan majalisa kuma, idan da gaske abokai ne, kafin a miƙa hannu cikin faranti wani ya daure ya tambaya: Malam, me aka ci a gida?

Tambayar tana da ɗaci, amma gara a ji ta a Badariya daga bakin aboki da a ji ta ranar da babu mai shayi, babu majalisa, sai mutum da waɗanda aka ba shi kiwo suna neman haƙƙinsu. Allah Ya ba magidanta ikon sauke nauyin da ke kansu, Ya yalwata wa wanda babu ta hana, Ya shiryi wanda son zuciya ya hana.