Muryar Shata ta wa ce?

A Tsaskiya da sauran ƙauyukan Batsari da Safana, abincin makaɗi yana filin biki. A nan ake masa liƙi, wani ya cire riga ya ba shi. To, 'yan bindiga sun sa mutane sun rage taron dare, kalangu da yawa suna rataye a bango. Mai shagon cajin waya ne ke tura waƙa a memori ya karɓi kuɗinsa, mawaƙi ko sisi.

Yanzu kuma ga ƙirƙirarriyar basira. Manhaja na iya sauraron faya-fayan Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, ta kwaikwayi muryarsa, ta sa shi wasa ɗan siyasar da bai taɓa gani ba. Wa zai nemi izinin iyalansa, balle ya biya su?

Dokar haƙƙin mallaka ta 2022 tana kare waƙa har shekara 70 bayan rasuwar mai ita. Amma ba ta fito fili ta yi magana kan muryar da na'ura ta kwaikwaya ba. Ya kamata Majalisar Tarayya ta toshe wannan giɓi. Ita kuma Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ya kamata ta shiga Rediyon Katsina ta yi wa mawaƙan karkara bayanin haƙƙinsu da Hausa.