Sannu Ba Ta Hana Zuwa, Amma Tana Hana Na Baya

Wani abokina da muka yi firamare tare a Tambuwal, wanda ya yi ritaya daga aikin banki ya zauna a birni, ya daɗe yana matsa mini in zo in ga wasan da ya ɗauke masa hankali. Wasan kuwa shi ne golf, wanda wasu kafofin labarai ke kira ƙwallon lambu. Na sha kawo masa uzuri, domin a ganina wasan waɗanda suka ƙoshi ne. Wata Asabar cikin bazarar da ta gabata dai na ba da kai, na bi shi kulob ɗinsu don in kashe ƙwarƙwatar ido. Mun shiga fili da ƙarfe takwas na safe, ya tabbatar mini kafin sha biyu mun gama. Ba mu fito ba sai ƙarfe ɗaya da rabi, rana ta take tsaka, ruwan da muka riƙo ya ƙare tuni.

Ga wanda bai taɓa ganin wasan ba, ga yadda yake. Filin yana da ramuka 18, kowanne da tutarsa, an jera su ɗaya bayan ɗaya a tazarar da takan kai kilomita shida ko fiye. Ɗan wasa yana buga 'yar ƙaramar ƙwallo da sanda har ta faɗa rami, wanda ya kammala da mafi ƙarancin bugu shi ne gwani. 'Yan wasa kan fita rukuni-rukuni, ba sa wuce mutum huɗu, kuma ba a yarda ka buga ba matuƙar ƙwallonka za ta iya cim ma waɗanda ke gabanka. Ke nan hanya ɗaya ce tak kowa ke bi. Idan na gaba ya tsaya, duk wanda ke bayansa ya tsaya.

Abin da ya same mu ke nan a ranar. A gabanmu akwai wasu mutum huɗu, cikinsu har da wani babban mutum da kowa ke rusuna wa. Ya ɗaga sanda zai buga, waya ta yi ƙara, ya ajiye ya amsa. Ƙwallo ta shige ciyawa, aka baza yara nema kamar an ɓatar da zinari. Kafin mu kai rami na bakwai, rukuni uku sun taru a inuwar bishiya ɗaya ana kallon juna. Na ce wa abokina, "Alhaji, ba mai yi musu magana ne?" Ya dube ni ya yi murmushi, ya ce, "Malam, ka san ko wane ne wancan?" Daga nan na kama bakina.

Wanda ya fi ba ni tausayi shi ne yaron da ke ɗauke da jakar sandunan abokina. Da muka zauna jira sai ya ce mini a hankali, "Baba, da sun yi sauri da na samu wani zagayen kafin yamma." A kan zagaye ake biyansa, ko an yi awa huɗu ko an yi shida kuɗin ɗaya ne. Babban mutumin nan bai san da zamansa ba, amma a ranar ya rage masa rabin abin da zai kai gida.

Wannan matsala ba a Nijeriya ta fara ba. Hukumar R&A da ke garin St Andrews a Sikotilan, wadda ita da takwararta ta Amurka, USGA, ke tsara dokokin wasan a duniya, ta fitar da sakamakon wani bincike a 2015 bayan ta ji ra'ayin 'yan wasa fiye da 56,000 daga ƙasashe 122. Kashi 60 cikin ɗari sun ce da sun fi jin daɗin wasan idan da ana gama shi cikin lokacin da bai kai haka ba. A 2016 hukumar ta wallafa littafin jagora sukutum a kan saurin wasa, sannan a farkon 2019 aka sabunta dokokin. An rage lokacin neman ƙwallon da ta ɓata daga minti biyar zuwa uku. An ba da shawarar kada mutum ya wuce daƙiƙa 40 bai buga ba idan layi ya zo kansa. An halatta barin tuta a cikin rami yayin bugun ƙarshe, aka kuma ƙarfafa cewa a wasan ƙidayar bugu wanda ya shirya ya buga, ba sai an tsaya tantance wanda ƙwallonsa ta fi nisa ba.

Mai karatu zai ce daƙiƙa nawa ce har ake yi mata doka? Mu yi lissafi. Ɗan wasa matsakaici kan yi bugu kamar 90 a zagaye guda. Mutum huɗu sun yi 360 ke nan. Idan kowane bugu ya ci ƙarin daƙiƙa goma kacal, wajen gyara hula ko gwada lilo da sanda sau uku, an sami daƙiƙa 3,600, wato awa guda cur. Babu wanda a cikinsu zai ji a ransa ya yi laifi, domin kowa daƙiƙa goma ya ɗauka. Da haka ake cinye lokacin jama'a, kaɗan-kaɗan kamar yadda gara ke cin azara.

Sai dai adalci ne a faɗa cewa ba dukan laifin ke kan 'yan wasa ba. Masu tafiyar da kulob suna da nasu kason. A ce ana sakin rukuni kowane minti takwas, alhali akwai gajeren rami a gaba wanda mutum huɗu ba sa gama shi sai cikin minti goma, kuma ba a fara shi sai na gaba sun bar shi. Rukuni na biyu zai jira minti biyu, na uku minti huɗu, na goma minti 18, ko da kowa ya yi iyakar saurinsa. Kulob ɗin da ke cusa mutane don kwaɗayin kuɗin shiga shi ya haddasa cunkoson tun daga ofis. Haka nan barin ciyawa ta yi tsawo a gefen hanya yana ƙara ɓatan ƙwallo. A wasu filayen Arewa kuma, inda ƙarancin ruwa ya sa aka shimfiɗa yashi gauraye da mai a kewayen rami a maimakon ciyawa, sai an share wurin an daidaita shi kafin a buga, wannan ma lokaci ne da ya kamata a saka cikin lissafi.

Wasan ya daɗe a ƙasar nan. Filin Rayfield da ke Jos ya samo asali tun 1913, zamanin Turawan haƙar kuza, kuma Kano da Kaduna da Zariya duk sun gaji filayensu daga zamanin mulkin mallaka. Na Abuja mai ɗauke da sunan IBB an buɗe shi a 1991. Mun karɓi sanduna da ƙwallo da tufafin wasan, har da kalmominsa. Abin da ya fi wuyar karɓa shi ne ladabinsa, wanda ya ce idan rukuninku ya bar tazarar rami guda a gabansa, ga kuma mutane na jira a baya, to ku koma gefe ku ɗaga musu hannu su wuce. Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Duk mai bin hanyar Sakkwato zuwa Jega ta Tambuwal ya san direban babbar mota mai hankali, wanda idan ya ɗauko albasa motar ta yi nauyi, ya ga ƙananan motoci sun yi jerin gwano a bayansa, yakan raɓa gefe ya ba su hannu. Ba wanda ke zarginsa don motarsa ba ta gudu. Wanda ake tsine wa shi ne wanda ya kafe a tsakiyar titi.

Na san akwai masu cewa gaggawa aikin Shaiɗan ce, kuma mutum ya zo shaƙatawa ne, ba tseren doki ba. Akwai kuma dattawa da masu koyo, waɗanda ba za su iya tafiyar samari ba. Duk wannan gaskiya ne, amma abin da na gani da idona ya nuna mini cewa tsufa da rashin ƙwarewa ba su ne ke kawo jinkiri ba. A rukunin da ke bayanmu akwai wani dattijo da ya haura saba'in, ƙwallonsa ba ta nisa, amma kafin layi ya zo kansa ya riga ya zaɓi sanda ya tsaya a gefen ƙwallonsa. Bai taɓa sa kowa jira ba. Mai koyo kuwa dokokin 2019 sun amince da tsarin da ke ƙayyade yawan bugu a kowane rami, idan ya kai adadin sai ya ɗauki ƙwallonsa ya yi gaba ba tare da jin kunya ba. Natsuwa daban, rashin damuwa da na baya daban.

Inda gizo ke saƙar shi ne wanda doka za ta hau kansa. A watan Afrilun 2013, a gasar Masters da ake yi a Augusta ta Amurka, alƙalan wasa sun ci wani yaro ɗan ƙasar Sin mai shekara 14, Guan Tianlang, tarar bugu ɗaya saboda jinkiri. Mutane da yawa sun ce an ga wurin taushi ne aka danna, tunda manyan taurari na jan ƙafa ba a taɓa su. Suna da hujja, domin a gasannin ƙwararru na PGA Tour an shafe daga 1995 har zuwa 2017 ba a ci kowa irin wannan tara ba. A 2018 kuma aka gwada wata gasa a ƙasar Austriya inda aka riƙa bin 'yan wasa da agogo a fili, kowa na ganin daƙiƙoƙinsa na tafiya, sai ga shi an gama zagaye da wuri fiye da yadda aka saba. Agogo bai san babba ba, bai san yaro ba, shi ya sa ya yi aiki.

Darasin da kulob-kulob ɗinmu za su ɗauka a fili yake. Kada a bar wa ƙaramin ma'aikaci ko ɗan ɗaukar jaka nauyin tunkarar mai kuɗi, domin ba zai iya ba, kuma zalunci ne a sa shi. Kwamitin kulob ya rubuta lokacin da ya dace a gama kowane rami, a manna a inda kowa zai gani. A ba da tazarar minti goma tsakanin rukuni da rukuni. A naɗa mai zagayawa daga cikin dattawan mambobi, wanda ake jin nauyinsa, a kuma riƙa rubuta lokacin fita da na dawowar kowane rukuni. Kyaftin ɗin kulob ya fara da kansa da abokansa. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Na san mafi yawan masu karanta wannan shafi a Tambuwal da Kebbe ba su taɓa riƙe sandar golf ba, wataƙila ba za su taɓa ba. Amma kowannenmu ya taɓa zama a ƙarƙashin rumfa tun hantsi yana jiran babban baƙon da aka ce zai iso ƙarfe goma, bai iso ba sai bayan azahar, kuma da ya zo aka tashi aka yi masa tafi. Kowa ya taɓa ganin wanda ya kawo jarka goma bakin famfo ya hana yarinya mai bokiti ɗaya ɗiba. Ɗalibai sun san malamin da ke cinye rabin lokacin darasin da ke bin nasa. Hali ɗaya ne, wurin ne kawai ya bambanta: mutum ya ɗauka lokacinsa dukiya ne, na sauran jama'a kuwa ruwan gulbi ne da kowa zai ɗiba.

Wanda ya ci maka kuɗi yana iya biyanka gobe. Wanda ya cinye maka wuni ba shi da abin da zai mayar maka, ko da ya so. Da muka fito daga fili a ranar, na ga babban mutumin nan zaune a inuwa ana kawo masa abin sha, yana ba da labarin bugun da ya yi a rami na goma sha biyu. Yaron abokina kuwa ya karɓi kuɗin zagayensa ɗaya, ya duba rana, ya kama hanyar gida a ƙasa.