Masu kiwon kifi a tamfol, ku zo mu yi maganar ruwa

1/ Zare ne, kuma yana da tsawo. Na san wasu za su ji haushi, musamman masu sayar da "horon kiwon kifi" na kwana ɗaya a WhatsApp. Abin da kuke koya wa samarin Gaya da Ajingi a kan ruwa ba daidai ba ne. Ni ma sai da ya cinye min jari kafin na gane.

2/ Karatun nasu bai wuce layi biyu ba. In ruwa ya yi kore ko ya fara wari, zubar ka zuba sabo. In kifi ya fara mutuwa, fasa ja-da-yalo ka barbaɗa. Shi ke nan fa. An karɓi kuɗinka, an turo maka satifiket ta waya, kowa ya kama gabansa.

3/ Shekara biyu ke nan na kafa tamfol mai cin lita 2,000 a bayan gidanmu a Gaya, na zuba 'ya'yan tarwaɗa 500. Duk bayan kwana biyu in zubar da ruwan kaf. Lita 2,000 jarka 80 ke nan. Tamanin! Kowa ya buga lissafi da kuɗin jarka a unguwarsu cikin watan Afrilu, lokacin da rijiyoyi suka ja baya, mai kura yana yi maka yanga.

4/ Ruwan da nake zubarwa kuma ina yake tafiya? Lungu. Wata safiya maƙwabciyarmu, sa'ar kakata, ta tare ni: "Kai ɗan nan, mu muna sayen na alwala, kai kana yi mana kogi mai wari a ƙofar gida? Sauro ya hana jikokina barci." Na ce, "Ki yi haƙuri Inna, sana'a ce." Ta ce, "To, Allah ya shirya sana'ar."

5/ Ban ji kunya sosai ba a ranar. Kunyar ta zo bayan sati uku, da na kwashe matattun kifi sama da 200 cikin mako guda. Ruwan kuwa garau, kana hango ƙasan tamfol. Wanda ya koya min ya ce ƙila "baki" ne ya kama ni. Baki!

6/ An ce ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima. To a ruwan kifi bai sani ba. Abin da ke kashe kifinka ba shi da launi. Sunansa amoniya. Kifi ne da kansa yake fitar da ita ta gefen kansa inda yake numfashi, sauran kuma daga kashinsa da ragowar abincin da ya ruɓe a ƙasa.

7/ Duk kilo 1 na abincin kifi mai yawan furotin da ka watsa, kusan giram 30 na amoniya zai koma cikin ruwan nan. Kuma zafi yana ƙara mata dafi. Shi ya sa daga Maris zuwa Mayu, lokacin da rana ke kai maki 40, za ka ji kuka ta ko'ina: kifina yana mutuwa, ban san dalili ba.

8/ Tarwaɗa ma ita ke yaudarar mu. Tana da wata halitta a kai da ke ba ta damar ɗagowa ta shaƙi iska, don haka tana jure ruwan da da karfasa ce, da tuni ta juya ciki sama. Sai ka ɗauka lafiya lau. Alhali ta rage cin abinci, ta daina girma, fata ta fara ƙuraje. Wata shida kana ciyarwa, kifi bai fi na miyar gida ba.

9/ In ka zubar da ruwa duka ka zuba sabo, amoniya ta tafi, gaskiya ne. Kwana biyu ta dawo. Kuma kowane canji girgiza ce: an fitar da kifi daga ruwa mai ɗumi an tsoma shi a mai sanyi, an yamutsa shi, sun soki juna da ƙaya. Kana sayen ruwa da tsada don ka wahalar da dukiyarka.

10/ Abin da ya kamata a koya mana tun ranar farko shi ne matata. Ba wata na'urar Turai ba ce. Duro uku na roba, bututu, da ƙaramin famfo. Ruwa ya fita daga ƙasan tamfol, ya ratsa durukan ɗaya bayan ɗaya, ya koma inda ya fito.

11/ Duro na farko babu komai a ciki. Ruwa ya shigo ta gefe yana juyawa a hankali, kashi da ragowar abinci su kwanta a ƙasa, ka buɗe makunni ka fitar da su kullum safe. Na biyu ka cusa masa soson wanka na raga ko tsohuwar koma, su kama ƙananan datti.

12/ Na ukun shi ne sarki. Tsakuwa wankakkiya, ko murafan robar lemo da yara za su tsinto maka buhu guda. A jikinsu wasu ƙwayoyin bakteriya suke zama, masu cin amoniya su mayar da ita naitirayit, wasu kuma su mayar da wannan naitiret, wanda kifi ke jurewa. Ba sayensu ake yi ba, da kansu suke zuwa.

13/ Amma suna ɗaukar sati 4 zuwa 6 kafin su yi yawan da za su riƙe aiki. A nan yawancinmu muke faɗuwa. Mutum ya haɗa duro yau, jibi ya leƙa bai ga canji ba, ya hau Facebook yana cewa ƙarya ce. Malam, ko gero ka shuka ba ka girbe shi ranar Juma'a.

14/ Wani kuma tsabta ce ke kashe shi. Ya ga tsakuwa ta yi santsi, ya kwashe ta ya wanke da omo ya shanya a rana. Wannan santsin shi ne ma'aikatan naka, ka kore su ke nan. In za ka wanke, ɗauraye da ruwan tamfol ɗin kawai. In ruwanka na famfo ne mai kulorin, bar shi ya kwana a buɗe kafin ya shiga.

15/ Yanzu ja-da-yalo. Wallahi wannan ya fi ba ni takaici. Maganin kashe ƙwayoyin cuta ne, bai san amoniya ba. Ka barbaɗa shi ya kashe bakteriyar da ke tace maka ruwa, dafi ya ƙaru, kifi ya ƙara mutuwa, ka ƙara barbaɗawa. Wanda ya tsira kuma ka kai wa mai suya, mu ci da ragowar magani a jikinsa. Gobe yaro ya yi ciwo a ba shi irin maganin, ya ƙi ji.

16/ Masu jefa alam kuma: alam laka take kwantarwa. Ruwa zai yi kyau a hoto, amoniya tana nan daram.

17/ Koren ruwa fa? Gansakuka ce, rana da taki ke haifar da ita. In kaɗan ce ba laifi, har amoniya take ci. In ta yi kauri kamar miyar kuka, da rana tana ba da iska, da dare tana shanyewa, da asuba ka tarar da kifi duk sun taru a sama suna haki. Rufe rabin tamfol da zana, rage abinci. Ba sai ka kira mai kura ba.

18/ Na san abin da za a rubuto min a ƙasa: "Da wace wutar za mu kunna famfon?" Tambaya ce mai kyau, ba zan raina ta ba. In famfo ya tsaya awanni da yawa, bakteriyar suna fara mutuwa don rashin iska. Ni ƙaramin famfo na saka da faifan sola da batir. Kuɗin ruwan da na daina saya ne ya biya su.

19/ Wanda ba shi da halin sola, ga gaskiyar da mai sayar da 'ya'yan kifi ba zai faɗa maka ba: rage kifin. 500 da na zuba a lita 2,000 ba tare da matata ba haɗama ce. Zuba kaɗan, ba su abin da za su cinye cikin 'yan mintuna, kullum safe ka sa mesa ka zuƙe dattin ƙasa, ka canza kashi 10 zuwa 20 cikin 100 na ruwan.

20/ Kuma wannan da ka zuƙe taki ne. Nawa yana tafiya gindin zogale da alayyafo. Masu lambu a Balare ko Toranke sun san nawa buhun taki yake yanzu. Mu kuma muna tura shi kwata kyauta, muna kiwon sauro a kai.

21/ Tace ruwa ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. A 1988 an ƙirga masu kurkunu sama da 650,000 a Najeriya. Cikin abubuwan da suka kawar da shi har da ƙyallen da iyayenmu mata suke ɗaurawa a bakin randa su tace ruwan kududdufi. A 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar babu shi. Ƙyalle fa.

22/ Kuma mu da ake cewa maƙeran garinmu ne suka ƙera wa Bayajidda wuƙar da ya kashe macijiyar Kusugu har Daurawa suka samu ruwa, a ce huda duro uku ya gagare mu?

23/ Masu horo, ban ce ku daina neman na kanku ba. Amma duk wanda ya karɓi kuɗin yaro bai ambaci amoniya ko sau ɗaya ba, ya mayar masa da kuɗinsa. In kuna ganin ƙarya nake, akwai 'yar kwalbar gwajin amoniya da ake sayarwa a shagunan kayan kifi a Kano. Ku ɗebo ruwanku garau ɗin nan ranar da ya kwana biyu, in ɗebo nawa, mu ɗiga a gaban jama'a.

24/ Gobe in Allah ya kai mu zan saka hoton durukan da yadda na haɗa bututun. Inna kuma yanzu ita ke aiko jikanta tsinkar zogale, amma har yau in ta gan ni sai ta ce, "Mai kogi, an tashi lafiya?"