Mu Haɗa Makaranta da Gonar Dankali

'Yan'uwa manoma, mun daɗe muna jin ana cewa a koya wa matasa sana'a domin su dogara da kansu. Tun shekarar 2007 aka wajabta wa ɗaliban jami'a a Nijeriya darasin kafa sana'a. Shawara ce mai kyau. Amma sau da yawa yaro yakan rubuta tsarin kasuwanci a takarda, ya ci jarrabawa, ya komo gida ya tarar da ubansa yana sayar da buhun dankali a bakin gona da kuɗin da dillali ya yanka.

Mu dubi abin da Jihar Filato ta mallaka. A Kuru akwai tashar binciken dankalin Turawa. A Vom akwai ma'aikatar binciken lafiyar dabbobi tun 1924. Hedkwatar ITF, wadda aka kafa a 1971 domin horar da masu aikin hannu, tana Jos. Akwai Jami'ar Jos, akwai Kwalejin Fasaha a Barikin Ladi. Jami'ar jiha kuwa a Bokkos take, a tsakiyar gonakin dankali. Ba ilimi ne ya yi mana ƙaranci ba. Abin da ya rage shi ne, kowa yana aikinsa cikin nasa shinge, manomi kuwa yana waje.

Ga misali da iri. Mun saba ajiye ƙananan dankali daga girbin bana mu shuka baɗi. Shekara bisa shekara cutar da ƙwari ke yaɗawa tana taruwa cikin irin, amfani yana raguwa, mu kuwa muna ɗora wa taki laifi. Ga kuma cutar nan mai ƙone ganye, wadda takan faɗo sa'ad da ruwa ya yi yawa da sanyi, wajen Yuli da Agusta. Masana sun san yadda ake samar da iri mai tsabta, amma ba za su iya kai shi kowane ƙauye ba. Aikin matasa ke nan: su karɓi irin daga masana, su riɓanya shi, su sayar wa ƙungiyoyi.

Ajiyar iri ma sana'a ce. Ana gina rumbu mai shan iska, a jera katako hawa hawa, a baza dankalin ba a tara shi ba, haske yana shiga amma rana ba ta dukansa. Da haka tsiron yakan fito gajere mai ƙarfi, irin ya yi watanni. (Na shuka ne kaɗai fa, gama dankalin da ya yi kore ba na ci ba ne.) Kafinta da magini na ƙauye za su iya yinsa idan an nuna masu. Haka kuma injin ban ruwa mai aiki da hasken rana: sayensa ba shi da amfani in babu mai gyara kusa.

Saboda haka muna roƙon gwamnatin jiha ta tara makarantun nan da ma'aikatar gona da bankuna da ƙungiyoyin manoma na ƙananan hukumomi 17 wuri ɗaya, kowa ya faɗi abin da zai ɗauka. Ɗalibin da ke koyon kafa sana'a ya yi damina ɗaya tare da wata ƙungiya, ya riƙe littafin kuɗinta, ya nemo mata farashin kasuwannin nesa ta waya kafin dillali ya iso. A kan wannan za a ba shi maki.

Mu ma da namu laifi. Ƙungiyoyinmu da yawa ba su da littafin lissafi na kirki, kuma mukan raina yaron da ya zo da sabuwar dabara. Ba bankin da zai ba da rance ga wanda ba ya iya nuna shiga da fitar kuɗinsa. A taron wata mai zuwa, kowace ƙungiya ta ware ɗan fili domin gwajin iri, ta zaɓi matasa biyu, namiji da mace, ta biya masu kuɗin mota zuwa Kuru.