Idon Mai Kuturta Ma Yana Karɓar Aiki

A Meiganga, kamar a Garwa da Ngaundere, idan ganin tsohon da ya yi fama da kuturta ya dushe, magana ɗaya dangi ke yi: ai cutar ce ta ci idon, sai haƙuri. Wannan magana ta zaunar da mutane cikin duhu shekara da shekaru, kuma sau da yawa ba gaskiya ba ce.

Abin da ya rufe idon galibi yana ce, irin wadda ake cire wa kowane dattijo. Binciken da Dakta Caleb Mpyet ya wallafa a 2005 kan ƙauyukan masu kuturta na arewa maso gabashin Nijeriya, maƙwabtan Adamawar Kamaru, ya nuna yanar ido ce kan gaba wajen makantar da su. Tsufa na kawo ta, kumburin cikin ido da cutar ke haddasawa na gaggauta ta, haka ma prednisolone da ake ba su idan jijiyoyi suka kumbura.

Gaskiya ne aikin ya fi wuya a irin wannan ido. Wani ƙwayar idonsa ta tsuke ta manne, wani fatar idonsa ba ta rufuwa, dole a gyara ta tukuna. Amma idan kumburi ya lafa, aka samu ƙwararren likita, ana cire yanar, a sa gilashin roba a madadinta, mutum ya koma gani. Tsoron kamuwa kuwa ba hujja ba ne: wanda ya fara shan haɗin magungunan da Hukumar Lafiya ta Duniya ke bayarwa kyauta tun 1995 ba ya yaɗa cutar.

Kuma wa ya fi mai kuturta buƙatar ido? Makaho na lalube da hannu. Wanda jijiyoyinsa suka mutu ba ya jin ƙaya, ba ya jin zafin garwashi. Da ido kaɗai yake gane ciwon da ke tafin ƙafarsa. Idan ganin ya tafi, gyambo na biyo baya, har ta kai ga yanke ƙafa. Wasu, don rashin kuɗi, sukan miƙa kai ga masu soka allura su tura yanar ciki, idon ya ƙarasa lalacewa.

Duk ayarin likitocin ido da zai shigo yankin Meiganga ya fara da gidajen waɗannan bayin Allah, dangi kuma su kai nasu a duba.