Ummarun Dallaje: janar ɗin da muke wuce tarihinsa kullum

 

A lokacin da muke sakandare, mun sha haddace sunan wani janar ɗin Jamus saboda jarrabawa, wato Helmuth von Moltke. An haife shi a 1800, ya fara aikin soja a rundunar Denmak, ya koma ta Furushiya a 1822, ya yi aikin ba da shawara ga sojojin Daular Usmaniyya ta Turkiyya daga 1835 zuwa 1839. A 1857 ya zama shugaban hafsoshin Furushiya. Shi ne ya tsara yaƙin da suka ci Denmak a 1864, da Ostiriya a 1866, da Faransa a 1870 zuwa 1871. Babban sirrinsa shi ne jirgin ƙasa da wayar tangaraho: kafin abokin gaba ya gama ɗaura sirdi, shi ya riga ya kai dakarunsa bakin daga. Duk wannan mun rubuta shi, mun ci maki.

Amma da aka tambaye mu a ajinmu na jami'a wane ne ya jagoranci rundunar da ta ci birnin Katsina a 1807, sai aka yi tsit, alhali yawancinmu a cikin wannan birni aka yanke mana cibiya. Kunyar wannan rana ce ta sa muka kawo muku labarin Malam Ummarun Dallaje.

Dallaje gari ne a Ƙaramar Hukumar Bindawa ta yanzu, daga can ya samo sunansa. Shi da farko malami ne, yana cikin waɗanda suka amsa kiran Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. Shehu ya yi hijira daga Degel zuwa Gudu a farkon 1804, a shekarar kuma jama'arsa suka ci rundunar Gobir a Tabkin Kwatto. Daga nan wutar ta kama sauran ƙasashen Hausa. A ƙasar Katsina mutum uku ne suka ja ragamar jihadin: Malam Ummarun Dallaje, da Malam Na Alhaji, da Malam Ummarun Dumyawa, kowanne da jama'arsa da yankinsa. Ummarun Dallaje yana da kusanci da Muhammadu Bello ɗan Shehu, yana kuma tare da shi lokacin da aka ci 'Yandoto, tsohon garin malamai da ke kusa da Tsafe, wanda malamansa suka ƙi bin jihadin.

Ku yi tunanin abin da ke gabansa. Katsina birni ne mai ganuwa da ƙofofi, ku da kanku kun san Ƙofar Guga da Ƙofar Sauri da Ƙofar Ƙaura da Ƙofar Durɓi da sauransu. Sarki yana da barade masu lifidi da sulke. Su kuwa masu jihadi, mafi yawansu 'yan ƙasa ne masu baka da kibiya. Wanda ya tunkari irin wannan ganuwa kai tsaye, jama'arsa kawai zai ƙarar. Saboda haka sai suka fara da karkara, suna karɓe garuruwan da ke ciyar da birni, sannan suka yi masa zobe. Labarin da aka gada ya ce yunwa ta yi tsanani a cikin birni har ta kai ana sayen ƙadangare da ungulu don a ci. Da birni ya faɗi, Sarki Magajin Halidu ya ja da baya zuwa Ɗankama, a Ƙaramar Hukumar Kaita ta yau. Can ma aka bi shi aka ci garin, kuma ana cewa ya faɗa rijiya don kada a kama shi. Ummarun Dallaje ya zama sarkin Katsina na farko a ƙarƙashin Daular Sakkwato, ya yi mulki daga 1807 zuwa rasuwarsa a 1835.

A nan ne littattafan jarrabawa kan tsaya, a nan ne kuma muke so ku ƙara buɗe ido. Waɗanda aka kora ba su ɓace ba. Sun naɗa Ɗankasawa, suka nufi Damagaram, daga baya suka kafa sabon mazauni a Maraɗi. Har gobe sarkin Maraɗi a Jamhuriyar Nijar sarautar Katsina yake riƙe da ita. Daga Maraɗi suka yi ta kawo hari, don haka shekaru 28 na mulkin Ummarun Dallaje sun tafi ne wajen tsaron abin da ya ci. Shekara ɗaya bayan rasuwarsa, a 1836, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ci haɗin gwiwar Gobirawa da Maraɗawa da Abzinawa a Gawakuke, inda aka kashe Sarkin Maraɗi Rauda. Duk da haka hare-haren ba su yanke ba, an ci gaba da gwabzawa har ƙarshen ƙarnin.

Wa ya biya kuɗin wannan doguwar gaba? Wani Bajamushe ya ga amsar da idonsa. Heinrich Barth, wanda ake kira Abdulkarim, ya shigo Katsina a 1851, zamanin Sarki Muhammadu Bello ɗan Ummarun Dallaje. Ya tarar da ganuwa mai faɗin gaske, amma mutanen da ke ciki ba su cika ko ɓangare guda nata ba. Fatake sun karkata zuwa Kano, domin ɗan kasuwa ba ya bin hanyar da mahara ke tarewa. Birnin da ya yi suna wajen ciniki da ƙasashen Larabawa ya koma sansanin tsaron iyaka. Haka shi ma Moltke: ya ci Faransa, an ƙwace mata yankunan Alsas da Loren, amma ƙiyayyar da hakan ta shuka tana cikin abubuwan da suka rura wutar Yaƙin Duniya na Ɗaya a 1914, shekaru 23 bayan mutuwarsa.

Ba mu kawo wannan don mu rage darajar kowa ba. Malamin da ya haɗa kan jama'a, ya ci birni kamar Katsina, ya kafa gidan sarautar da ya riƙe mulki har 1906 lokacin da Turawa suka naɗa Muhammadu Dikko, ai ba ƙaramin mutum ba ne. Sai dai ɗalibin tarihi na kirki ba ya tsayawa a kan wa ya ci wa. Yakan tambayi manomin da aka ƙona wa rumbu, da matar da ta kwana cikin birni da 'ya'yanta babu abinci. Yakan kuma tuna cewa wanda muke kira gwarzo a Katsina, idan aka tsallaka iyaka ta Jibiya aka isa Maraɗi, wani labarin daban za a ji a kansa, kuma masu ba da labarin 'yan'uwanmu ne na jini. Mu da muka taso muna jin labarin ƙauyukan da rashin tsaro ya tayar a jiharmu, mun fi kowa sanin cewa hanya in ta mutu, kasuwa ma ta mutu.

Ga ɗan aikin da muke ba ku. A wannan hutun, ku roƙi malamin Tarihi ya kai ku gidan adana kayan tarihi da ke tsohuwar Kwalejin Katsina, ku kuma zagaya ragowar ganuwa. Wanda yake da kaka ko wani dattijo a unguwa, ya zauna da shi da biro da takarda, ya tambaye shi daga ina kakanninsu suka zo, kuma wane yaƙi ne ya taso su. Ku aiko mana da abin da kuka samo, za mu buga waɗanda suka fi ma'ana a wannan shafi.

Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. A yi karatu da himma.