Zanzibar Tana Nan, Amma Wa Ya Iya Iyo?

Wani abokina da muke aji ɗaya ya shafe kusan mako biyu yana damun mu da bidiyon wasu matasa da suka je nutso a tsibirin Zanzibar. Ruwa garai-garai, kifaye kala-kala, mutum ya goya tukunyar iska yana shawagi a ƙarƙashin teku kamar ba a bin sa bashi. Ya rantse da zarar ya gama hidimar ƙasa ya tara 'yan kuɗi, sai Zanzibar. Na ce masa, "To malam, ka iya iyo?" Ya harare ni ya ce, "Mi ya kawo iyo cikin zancen? Ai iska ka goye ga bayanka." Aka yi dariya. Ni dai tawa ba ta yi nisa ba, don na tuna wata rana a gulbin Gagare lokacin ina shekarar farko a makarantar nan.

Watan Agusta ne, ruwa ya sauka kwana biyu a jere. Mu huɗu muka gangara gulbi da kayan wanki. Ruwan bakin gaɓa bai wuce ƙugu ba, sai ɗayanmu ya ƙara taku biyu don ya yi wanka, kawai muka ga ya ɓace. Ashe rami ne a wurin. Mu ukun da muka rage muka tsaya muna ihu, babu wanda ya iya iyo. Wani bawan Allah da ke aiki a gonarsa kusa da wurin ne ya rugo ya miƙa masa doguwar sanda. Da ya fitar da shi bai yi mana faɗa ba, abin da kawai ya ce shi ne, "Yara, ruwan damina ba a yi mashi shigar ƙarfi." Har yau in na tuna yadda muka tsaya kamar gumaka, kunya nake ji.

Maganar abokin nan ta sa na je na karanta yadda ake shirya irin wannan tafiya, kuma abin da na gani ya ba ni mamaki. Kafin ƙungiyar PADI, wadda ta fi shahara wajen horar da masu nutso, ta ba ka takardar shaida ta farko, sai ka yi iyo na mita 200 ba tsayawa, sannan ka zauna a saman ruwa minti 10 ba tare da ka riƙe komai ba. Horon kan ɗauki kwana uku zuwa huɗu, kuma ko ka ci, iyakarka zurfin mita 18. Akwai takardar lafiya da za ka cika tun farko. Mai asma, mai ciwon zuciya, mai matsalar kunne, duk sai likita ya duba. Mai sikila kuwa, wadda ba baƙuwa ba ce a gidajenmu, likitoci kan hana shi gaba ɗaya.

'Yan sashen injiniya da na kimiyya, ga dokar Boyle ɗin nan da muke haddacewa don jarrabawa mu manta. A zurfin mita 10 matsin da ke kan jikinka ya ninka na saman ƙasa sau biyu. In ka shaƙi iska a can ka riƙe numfashi ka taso, iskar za ta kumbura a huhunka, tana iya yaga shi. Shi ya sa dokarsu ta farko ita ce kada ka taɓa riƙe numfashi. Sannan akwai iskar naitirojin da ke narkewa cikin jini a ƙasan ruwa. Ka taso da gaggawa, ta yi kumfa a jikinka kamar ka girgiza kwalbar lemo ka buɗe. Don haka a hankali ake tasowa, a dakata minti uku a wajen mita biyar. Ko bayan ka fito, in ka yi nutso sau da yawa, ba ka hawa jirgin sama sai an yi aƙalla awa 18. Wato ranar ƙarshe ta tafiyarka ta yawon kasuwa ce, ba ta ruwa ba. Lokaci ma ana zaɓa: daga Maris zuwa Mayu ruwan sama ne mai yawa a Zanzibar, an fi zuwa tsakanin Yuni da Oktoba. Kuma ba a shiga ruwa kai kaɗai. Kowa da abokin nutsonsa, ku duba kayan juna kafin ku sauka.

Abin da ya tsaya mini a rai ke nan. Mutanen da ke da kayan aiki na zamani, da malami a gefe, da jirgin ruwa yana jiran su, su ne suka fi tsoron ruwa. Mu kuma da muke zaune tsakanin Gagare da Bunsuru, daga Kaura har Zurmi da fadamun Shinkafi, ba tukunyar iska ba rigar ruwa, mu ne muke shigar sa da gadara.

Kuma kada wani ya ce wannan tsarin Turawa ne. Ku dubi Argungu. Tun 1934 ake bikin kamun kifi a Matan Fada, har da gasar nutso da tseren kwalekwale. Amma ba wanda ke faɗawa ruwa sai Sarkin Ruwa ya yi aikinsa an ba da izini, kuma masunci na shiga ne da gorarsa wadda ke riƙe shi a saman ruwa. Sarkawa sun san ruwa tun suna yara, shi ya sa ba su raina shi. Mu 'yan boko ne muka ɗauka kallon bidiyo ya isa. A watan Satumbar 2024 kwalekwale ya kife da manoma a Gummi, nan cikin jiharmu, aka rasa gomman rayuka. Na san za a ce ajali ne. Ajali gaskiya ne, amma ban taɓa ganin wanda ya hau babur ba birki don ya yarda da ajali ba.

Ga shi an kusa gama jarrabawa, zancen yawon buɗe ido ya fara tashi a ɗakunan kwana. Wasu na cewa madatsar Bakolori, wasu Argungu, masu dogon buri na cewa Kainji. Duk wanda zai shirya, ya yi wa Allah ya ari dabarar masu nutso. A rubuta sunan wanda ya iya iyo da wanda bai iya ba tun kafin a karɓi kuɗin mota. Kada a hau kwalekwale sai da rigar ruwa ga kowa, in mai jirgi ya ce a ƙara mutum biyar a ce masa a'a. A haɗa ɗalibai bibbiyu, kowa ya san wanda zai nema. A kauce wa tsakiyar damina, a kuma isa masauki da rana, wannan kam halin da hanyoyinmu ke ciki ma ya isa dalili.

Roƙona ga ƙungiyar ɗalibai shi ne ta nemo mana inda za a koyi iyo a hannun wanda ya iya, a wurin da aka san zurfinsa, a ware wa 'yan uwanmu mata lokacinsu da mai koyar da su mace. Ba zai kai kuɗin da muke kashewa a shagalin kammala karatu ba.

Abokin nawa da na gaya masa mita 200 kusan tsawon filin ƙwallo ne sau biyu, ya yi shiru, sannan ya ce in an buɗe rajista in sa sunansa. Na ce to, amma nawa ne zai zo farko, don ni ma har yanzu ban iya ba.